Sauya gidan oba-oba: tambayoyin da aka fi yi mini a rumfa

Sana'ata gyaran wayar salula ce, rumfata tana bakin babbar kasuwar Maradi. Oba-oba kuwa, wadda wasu a nan ke kira tolki-wolki, masu gadi ne suka jawo ni cikin harkarta. Wani ya kawo tasa ta faɗo daga kan babur, na gyara, ya gaya wa abokin aikinsa, shi ke nan hanya ta buɗe. Yanzu masu gadin shaguna da ma'aikatu, da ƴan kamashon tasha, da masu tsara taron biki ko wa'azi, har da masu manyan gonaki ta wajen Jiratawa duk suna kawo mini. Cikin abin da ake kawowa ba wanda ya kai fashewar gida yawa. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, sai na ce bari in tara su wuri guda, mutum ya karanta kafin ya ɗauki sukudireba.

Wai me ake kira gidan oba-oba? Ba dukan robar ba ce?

Cire batir ka duba. A yawancinsu batir shi ne bayan na'urar gaba ɗaya. Ƙarƙashinsa za ka ga farantin ƙarfe na alminiyam, a jikinsa aka liƙa takardar da ke ɗauke da lambar ƙira. Allon lantarki, wanda masu gyara ke ce wa fanel, yana ɗaure a ɗaya gefen farantin. Wannan ƙarfe ba ya cikin abin da muke sauyawa, shi ne ma ke shanye zafin da injin ke fitarwa sa'ad da kake magana. Gida shi ne robar da ta rufe fuska da gefe biyu da sama. Masu sayar da kaya a Kano kes suke ce masa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, lasifika a jikin gidan take zaune, haka ma madannin magana na gefe, da robar maɓallai, da gilashin fuska in akwai. A wasu ƙirar har makirfo a nan yake. Saboda haka in ka ce za ka sauya gida, ƙaura ce za ka yi da kayan ɗaki, ba riga ce za ka tuɓe ka sa wata ba.

Malam, ƴar tsagewa ce kawai, kuma tana aiki lafiya. Dole sai na sauya?

Ya danganta da inda tsagewar take. In a ƙasa ce, can gefen da ba ya kusa da komai, kuma ba ta huda har ciki ba, ci gaba da aikinka. In kuma kusa da gindin eriya ce, ko gefen madannin magana, ko ta bi ta kan lasifika, kada ka jira.

Dalili shi ne garinmu. Daga Disamba zuwa Fabarairu ƙurar hunturu ba ta barin ko jakar da aka zuge, balle robar da ta buɗe baki. Ƙurar na shiga cikin abin murɗa sauti, sai ka ji yana ƙarar yashi in ka juya shi, wata rana kuma sauti ya riƙa ɗaukewa. Da bazara, wajen Afrilu da Mayu, zufa ce matsalar. Mai gadi ya riƙe na'urar a hannu wuni guda, zufa mai gishiri na bin tsagewar tana sauka kan fanel. Ruwan sama ma ya fi ta sauƙi, domin shi yakan bushe ya tafi, ita kuwa gishirinta na zama yana cin ƙafafun kayan. In ka buɗe irin wannan za ka ga wani kore-kore kamar gansakuka a bakin dalma. Sannan damina ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

Akwai wani abu kuma da sai ka buɗe da hannunka za ka yarda. Lasifika na da maganaɗisu. Wani mai gadin gareji, inda ake walda da gurza ƙarfe, ya kawo mini tasa yana cewa muryar mutane ta koma kamar ta mai mura. Da na ɗaga gidan, sai ga garin ƙarfe ya taru a kan takardar lasifikar, ya miƙe tsaye kamar gashin bushiya. Ƴar ragar da ke tare ƙura ce ta yage lokacin da gidan ya tsage, maganaɗisu kuwa ya yi ta jawo duk abin da ya gifta.

In na liƙe da sufa gulu fa?

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma ka san abin da kake yi. Sufa gulu ruwa-ruwa ne, yana bin tsagewa ya gangara inda ba ka aike shi ba. Na sha ganin madannin magana da ya ƙame saboda shi, da lasifikar da takardarta ta sandare. Tururinsa kuma na mayar da gilashi fari, kamar an shafa masa alli. In dole sai ka liƙe, fitar da injin daga gidan tukuna, ka yi amfani da gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake gaurayawa, ka shafa ta ciki, ka bar shi ya kwana. Zai riƙe ka kafin sabon gida ya iso. Inda ba ya riƙewa ko kaɗan shi ne bakin da batir ke maƙalewa da gindin eriya, domin nan ne nauyi ke sauka.

Masu naɗe ta da robar tayar keke kuwa, ban ce kome ba. Ku dai tabbata robar ba ta danne madannin magana ba.

Ta yaya zan san gidan da zai shiga tawa?

Da lambar da ke jikin ƙarfen nan na ƙarƙashin batir, ba da ido ba. Kama da wane ba ta wane. Ɗauki hoton takardar, ka ɗauki hoton na'urar ta gaba da ta sama da gefe biyu, ka tura wa wanda zai sayo maka.

A ɓangaren kamfanin Baofeng, biyu ne suka cika gari. Akwai BF-888S mai tasha 16, ba ta da gilashi, ba ta da maɓallan lamba. Akwai UV-5R mai gilashi da maɓallai, wadda ta fito tun 2012. Ita UV-5R tana da ƴan uwa da yawa, irin su UV-5RA da UV-5RE, waɗanda cikinsu kusan ɗaya ne amma fasalin fuskar ya bambanta. Wani lokaci gidan wannan ya shiga waccan, wani lokaci a samu ɗan bambanci a bakin batir. UV-82 da UV-9R kuwa gidajensu daban ne sarai, kada ma ka gwada. Ga kuma jabu, masu sunan Baofeng a waje amma fanel ɗin wani ne, ramukan noti ba sa haɗuwa da na kowa.

Motorola tana da wata al'ada mai rikita mai saye: na'ura ɗaya, suna daban a kowace nahiya. Wadda ake kira GP340 a Turai da Afirka ita ce GP328 a Asiya, ita ce HT750 a Amurka. Haka CP040 da CP200 ƴan gida ɗaya ne. Don haka in mai kaya ya miƙo maka gidan da aka rubuta GP328 alhali taka GP340 ce, ba lallai cutarka zai yi ba, sunan da ke goshin ne kawai zai sauya. Amma GP360 da GP380 masu gilashi ne, gidan GP340 ba zai yi musu ba. CP040 ita ma akwai mai tasha 4, akwai mai 16, sai ka faɗa wa mai sayarwa wacce ce taka.

Ya ma cancanci a kashe mata kuɗi? Ko in sayi sabuwa?

Ga gaskiyar da ke rage mini ciniki. In BF-888S ce, lissafa kuɗin gida, da kuɗin motar da za ta kawo shi, da ladan mai gyara. Sau da yawa za ka ga ya kusa kuɗin sabuwa, ita kuwa sabuwa da batir da caja da eriya take zuwa. Abin da nake gaya wa masu gadi da ke da irinta da yawa shi ne su daina zubar da matattu. Wadda injinta ya ƙone gidanta lafiya lau, wadda gidanta ya fashe injinta lafiya lau, sai a haɗa biyu a fitar da ɗaya.

Motorola da Kenwood da Icom na asali lissafinsu daban ne. Injin da ya shekara goma yana aiki zai iya ƙara wasu, gida kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗinta. Wannan a sauya mata ba tare da dogon tunani ba. Sharaɗi ɗaya: a gwada ta tukuna. Tana karɓa? Tana aikawa? In ta faɗi har fanel ya tsage, sabon gida kwalliyar gawa ce.

A ina ake samu?

A Maradi ba kasafai za ka tarar da shi a ajiye ba. Yawanci daga Kano yake zuwa, ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, a hannun ƴan kasuwarmu masu saro kayan waya. Wasu daga Yamai suke sa a aiko musu, wasu kuma su yi oda daga Caina ta intanet su jira makonni. In za ka yi oda, nemi wanda ya zo cikakke: da madannin gefe, da abubuwan murɗawa na sama, da murfin ramin iyafis. In Motorola ce, ƙara kuɗi ka sayi wanda aka riga aka ɗaura wa lasifika da ribon, wato siririyar faffaɗar wayar da ke haɗa kayan gidan da fanel. Zan faɗi dalili a ƙasa.

Akwai bambanci tsakanin na kamfani da na kasuwa?

Akwai, kuma hannu na ji. Na asali robarsa na da ɗan taushi, in ka matsa ta takan ba da kai ta dawo. Na arha busasshe ne, ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Rana ɗaya ba ta nuna bambancin, sai an yi bazara guda an ajiye shi a gaban mota. Duba bakinsa ta ciki, inda robar hana ruwa ke kwanciya: in da kaushi ko ragowar roba, ba zai rufe da kyau ba. Ɗaga shi sama ka leƙa ramin makirfo, ka ga ko haske na wucewa. Ba ina cewa kada a sayi na kasuwa ba, ni ma shi na fi ɗaurawa, domin shi ake samu. A dai san arha ba ta ado.

Tashoshin da aka saka mini za su goge?

A'a. Suna ajiye cikin ƙwaƙwalwar da ke kan fanel, ba ruwansu da batir balle gida. Amma in kana da igiyar haɗa ta da kwamfuta, kwafe su ka ajiye kafin a buɗe. Ga Baofeng manhajar CHIRP kyauta ce kuma ta isa. Motorola tata manhajar daban.

Wane kayan aiki nake bukata?

Ƙananan sukudireba, da mai kan giciye da mai kan tauraro. Hantsaki. Wani siririn abu na roba don ɓanɓarewa, ko tsohon katin banki ya yi. Ƙarfen narka dalma mai siririn baki. Tsohon buroshin haƙori. Sai faranti ko murfin kwano na zuba noti, da farin ƙyalle da za ka shimfiɗa a kan tebur.

Ƙyallen nan kada ka raina shi. Notin oba-oba bai kai ƙwayar dawa ba, in ya faɗa cikin yashin rumfa sai dai ka yi masa addu'a. Kashe fanka kuma. In lokacin hunturu ne, wato lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka kai hannu kan fanel, ka riƙa kama shi ta gefe. Wannan ɗan lantarkin da ke taruwa a jiki ya isa ya kashe wasu ƙananan kaya ba tare da ka ga ko tartsatsi ba.

To, yaya ake buɗe UV-5R?

Kashe ta, cire batir, kwance eriya. Ja abin murɗa sauti sama, zai fito, ba a ɗaure yake ba. Yanzu leƙa gindinsa, ka leƙa gindin eriya: kowanne akwai wani zobe na ƙarfe mai ƴan tsagu da ya ɗaure shi da gidan. Nan ne mutane ke faɗuwa. Sukan kwance duk notin baya, su ga injin ya ƙi fita, su sa ƙarfi, alhali zobban nan ne suka riƙe shi. Sa bakin hantsaki cikin tsagun ka juya hagu a hankali. Kada bakin ya zame ya bugi tsinken da ke tsakiyar gindin eriya, domin a wannan ƙirar tsinken a jikin na'urar yake, in ya lanƙwashe ka ja wa kanka wani aikin.

Daga nan sai maƙalin ɗamara da notinsa biyu, da sauran notin da ke jikin farantin ƙarfe sama da ƙasa. Jera su a faranti yadda ka cire su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti a ramin gajere yakan huda abin da ke gabansa.

Ɗaga farantin daga ƙasa, ɗan kaɗan, sannan ka ja shi baya don gindin eriya da sandar sauti da ƴar fitilar sama su zare daga ramukansu. Da ya saki, tsaya. Kada ka buɗe shi gaba ɗaya. Akwai wayoyi biyu sirara, gajeru, da suka taso daga lasifika aka liƙe su da dalma a kan fanel. Ɗauki hoto, ka san wacce ke ina, sannan ka narka dalmar ka cire su. Sauran aikin ƙaura ne: robar maɓallai, madannan gefe, murfin ramin iyafis, lasifika in sabon gidan bai zo da tasa ba. Kafin ka rufe, goge gilashin ta ciki. Ba abin da ke ba da haushi kamar ka ɗaure noti na ƙarshe ka ga zanen yatsanka a ƙarƙashin gilashi.

Na duba GP340 ban ga noti ko ɗaya ba. Ta ina ake shiga?

Babu noti tsakanin gidan da ƙarfen, matsewa ce kawai da robar hana ruwa da ta zagaye farantin. Bayan ka cire batir da eriya, ka zare abubuwan murɗawa biyu na sama, sai a sa wani faffaɗan ƙarfe a ƙasan na'urar a ɗaga farantin. Kamfanin na da nasa ƙarfen na musamman don wannan aiki. In za ka yi da sukudireba, ka kula kada ya karce bakin gidan ta ciki ko ya yanki robar, don in wurin ya karce ba zai sake rufewa da kyau ba.

Bari in ba da labarin kaina, tun da ni ma a nan na sha kunya. Farkon GP340 da na taɓa buɗewa ta wani dattijo ce mai gadin wani sito a unguwar Zariya. Da la'asar ya kawo, zai shiga aiki bayan magariba. Ya zauna kan benci yana jan carbi, can ya ce, “Yaro, ka san dai ta ofis ce, ba tawa ba ce.” Na ce, “Baba, kwantar da hankalinka, minti goma ne.” Na ɗaga farantin, na ji ya saki, na buɗe shi da hannu biyu kamar mai ɓare gyaɗa. Wata ƴar ƙara na ji, ƙasa-ƙasa, kamar an yaga ganye. Ribon ɗin da ke haɗa kayan gidan da fanel ne ya rabu. Na ɗaga kai muka haɗa ido. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Garin gyaran gira ka tsone ido ko?” Kwana tara muka jira wani daga Kano, da kuɗina, shi kuma ya yi ta aron ta abokin aikinsa.

Abin da ya kamata in yi shi ne in kwantar da farantin, in karkata gidan a hankali har in ga bakin ribon, in ɗaga ɗan maƙullin da ya danne shi a kan fanel da farce, sannan in zare. Maƙullin shi ma ba ya son ƙarfi, in ya karye ba a liƙa shi.

Ribon ɗin da ke cikin gidan, wanda lasifika da makirfo da mahaɗin gefe ke kansa, manne yake da gam, ciro shi lafiya sai mai haƙuri. Shi ya sa na ce a sayi gidan da ya zo da nasa. Wajen rufewa, fara zura sandunan sama cikin ramukansu, ka bi robar hana ruwa da ido ko ta fito daga hanyarta, sannan ka danna ƙasan har ya shige. In ka ga wani ɓangaren robar ya leƙo waje, buɗe ka sake. Kada ka tura shi da allura.

Na sauya, ina jin kowa, amma ni ana cewa muryata ta yi ƙasa. Me ya faru?

Makirfo bai daidaita da raminsa ba, ko kuma ramin a toshe yake. Gidajen kasuwa sukan zo da ragowar roba a cikin ramin. Fitar da injin, ka share ramin da siririyar allura daga ciki. Kada ka soka allura ta waje alhali na'urar na rufe, makirfon za ka huda. Duba kuma ƴar robar da makirfo ke zama cikinta, sau da yawa tana maƙale a tsohon gida an manta da ita.

In kuma ba a jin ka sam, ko kai ba ka jin kowa, leƙa ramin iyafis. A ƙirar mai rami biyu, irin ta Kenwood da Baofeng, akwai ɗan ƙarfen da ke katse lasifikar ciki in an soka iyafis. Datti ko murfin da bai zauna daidai ba na iya sa na'urar ta ɗauka an soka wani abu.

Madannin magana ya yi tauri, wani lokaci kuma ya maƙale.

Kada ka fita da ita aiki a haka. In ya maƙale, na'urar na ta aikawa ba ka sani ba: ta toshe wa abokan aikinka tasha, ta kwashe hirar da kake yi ta watsa musu, ta yi zafi, ta shanye batir. Yawanci robar madannin ce ba ta zauna a gurbinta ba, ko an sa ta a juye. Wani lokaci sabuwar robar ce ta fi kauri. In tsohuwar ba ta yage ba, mayar da ita, ta riga ta saba da wurin.

A da daga babbar kasuwa nake jin wanda ke tashar mota, yanzu ba ta kai nan. Gidan ne?

Roba ba ta rage zango. Duba gindin eriya. Ko zoben bai ɗauru ba, ko dalmar da ta haɗa gindin da fanel ta tsage lokacin faɗuwar da ta fasa gidan, ko kuma eriyar kanta ta karye ta ciki. Ari eriyar wata irinta ka gwada, shi ne gwaji mafi sauƙi. Ka kuma tabbata ba a musanya maka ba, domin eriyar VHF da ta UHF a Motorola duk suna ɗauruwa a gindi ɗaya, amma kowacce da rukunin mitocin da aka yi ta dominsu.

Tun da an zo nan: kada ka danna madannin magana babu eriya, ko da gwaji ne na ɗan lokaci. Ƙarfin da ya kamata ya fita iska yana komawa ciki ne, ya ƙona ƙaramin abin da ke ba da ƙarfin aikawa.

Za ta ci gaba da hana ruwa shiga kamar da?

Da ma wacce? UV-5R da BF-888S ba a yi su don ruwa ba tun asali. GP340 tana da lambar IP54, ma'ana tana jure ƙura da yayyafi, ban da nutso. Masu IP67 su ne aka gwada cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Kowacce ce taka, wannan alkawari na gidan kamfani ne da robar kamfani. Da zarar an ɗaura na kasuwa, ɗauka yayyafi kawai za ta iya, in hadari ya taso sa ta cikin leda.

Na ga ana sayar da gida kala-kala, har da mai launin kakin soja. In saya?

Rawaya ko ja ko ruwan lemo, saya. Suna ma da amfani: in ta faɗi a gona ko cikin duhu an fi saurin ganinta, ma'aikata kuma kan raba launi don a san ta wane rukuni ce.

Mai launin kaki kuwa, shawarata ka bar shi. Kowa ya san halin da ake ciki ta wajen Madarunfa da Gidan Runji da sauran bakin iyaka, an kuma san irin mutanen da ake zargi da yawo da oba-oba a daji. Farar hula ya iso shingen bincike da na'ura mai kalar soja a ƙugu, ya sayi tambayoyin da ba ya bukata. Ko da baƙa ce, riƙa tafiya da rasit da takardar wurin aikinka. Mitocin da ake magana a kansu ma ba na kowa ba ne, hukumar ARCEP ce ke kula da rabon su a Nijar, ma'aikacin da ke da oba-oba ya kamata ya san a kan wane izini yake aiki. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba na yarda in ɓanɓare takardar lamba daga jikin ƙarfe, ko in ɗaura wa na'ura sunan kamfanin da ba shi ya ƙera ta ba, ko nawa za a biya ni.

Tamu ta wurin ajiyar mai ce, an rubuta Ex a jikinta. Za ka sauya mata?

Ba zan taɓa ba. Irin waɗannan an ƙera su ne don kada su fitar da tartsatsi a inda tururin fetur ko gas yake, kuma gidan da batir ɗin duk suna cikin abin da aka gwada. A mayar da ita ga wakilin kamfani.

Batir ne ke zamewa, na'urar ta riƙa mutuwa. Sabon gida zai magance?

Duba batir ɗin tukuna. Kwantar da shi a kan gilashi ko tebur mai santsi, in yana lilo to ya kumbura, kuma shi ne ke ture kansa waje. Batir mai kumburi ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a sake sa shi a caja, sai dai a sauya. In lafiyarsa lau, duba maƙullin. A UV-5R maƙullin yana saman bayan na'urar, da ɗan sifirin a ƙarƙashinsa mai son tsalle ya ɓace in an buɗe, don haka sa yatsa a kai lokacin da kake kwancewa. A GP340 kuwa maƙullin a jikin batir yake, ko ka sauya gida sau goma ba abin da zai canza.

Da me zan goge sabon gidan in ya yi datti?

Ƙyalle mai ɗan laima da ɗigon sabulu, sai buroshi a ragar lasifika, fuskar na kallon ƙasa don dattin ya zubo waje. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina. Suna sa roba ta yi ƙyalli yau, bayan ƴan watanni ta fara tsattsagewa da kanta. Ku kuma daina ɗaukar ta ta eriya, rabin gidajen da ke fashewa ta sama daga nan ne.

In na kawo maka, zan iya jira in karɓa?

In gidan na hannu kuma Baofeng ce, zauna ka sha shayi. Motorola ka bar mini ita zuwa gobe, tun daga kan dattijon nan na daina yi wa kowa alkawarin minti goma. Ka zo da batir mai caji, ka kuma zo da ta biyu wadda ke kan tasha ɗaya da ita. Kafin ka biya, zan tura yarona da ɗayar ya zagaya bayan kasuwa, ka kira shi ya amsa, shi ma ya kira ka ji, mu murɗa sauti daga ƙasa har sama, mu bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gidan kuma in ba ka so ka bar mini, akwai kwalin da nake tara su, madanninsu da murfin iyafis kan yi amfani wani ran.